Resista Ɗaya Cikin Goma Sha Biyu

Da hannuna na liƙa resista goma sha biyu, masu rage gudun wutar lantarki, da dalma, na yi musu siffar ƙwayar sukari, kowace om shida. Na ce wa ɗalibaina: tunda duk ƙarfinsu ɗaya, wuta za ta rabu uku daidai a kusurwar farko, amsa om biyar ce daga wannan kusurwa zuwa mafi nisa. Farhana, mai gardamar ajin, ta ce sai ta gani. Na ce in mita ta ƙaryata ni, kada ta ƙara yarda da ni.

Mita ta wuce shida. Aji ya ɗauki dariya.

Da na duba, ɗaya ƙonanniya ce, an goge ta tas. Ƙanena Amidu kaɗai na bar wa ajiyar haɗin, a shagonsa na gyaran rediyo a Asawase. Na hau motar trotro na same shi.

Ko kunya bai ji ba. "Yaya, mai kyan na cire, rediyon wani na gyara da ita. Ɗaya ce fa kawai!"

Na ce, "Ɗayar nan ta mayar da goma sha ɗaya maƙaryata, Amidu. Ni ce ta goma sha biyu."