Mai Tari Ba Ta Kwana

Tun da mutanen Buenos Aires suka sayi kamfanin madarar garin Santa Elvira, Ofelia Ravera ba ta ƙara zuwa aiki da farin ciki ba. Da can kamfanin na ƙungiyar manoma ne. Wanda ya kawo madara da asuba shi ne zai zauna a taro da yamma ya gaya maka ba daɗi ido da ido, a tashi kuma ku tafi cin gasasshen nama tare. Yanzu kuwa komai sai ta waya. An hana ma'aikata zagaya ƙoƙon shayinsu na mate guda ɗaya a tsakaninsu, wai ƙazanta ce. An canza wa Ofelia matsayi daga shugabar ɗakin cuku zuwa wani dogon suna da ko ita ba ta iya faɗarsa, aiki na nan yadda yake, taro ne kawai ya ƙaru. Har taron shirya taro ake yi, don Allah ku ji wani aikin banza.

Abin da ya hana ta haukacewa yana bayan gidanta, cikin rumfar kwano. Tsohuwar tarakta ce ta kakanta, mai tukunyar inji ɗaya, wadda duk garin ke kira Mai Tari saboda yadda take buga tum, tum, tum, har tagogin maƙwabta su riƙa rawa. Ba ta da makulli. Sai an hura mata wuta a goshi da fitilar masu walda har ƙarfen ya yi ja, sannan a zare sitiyari a cusa shi a gefen inji a murza da ƙarfin ƙirji. Ofelia ta same ta kaji na ƙwai a cikinta, ta kwance ta ƙusa-ƙusa, ta mayar da ita. Kowace Lahadi tana can, hannu dumu-dumu da baƙin mai, rediyo na yi, ba manaja ba waya.

Mijinta Celso bai taɓa son wannan tarakta ba, kuma yana da hujja. Mahaifinta, Don Anselmo, yana zaune tare da su tun da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Ba ya gane kowa yanzu. Yakan kira Ofelia da "yarinya", ya tambaye ta ko 'yar gidan wa ce. Celso kuwa, da yake a gida yake gyaran takalma, shi ke yi wa tsohon wanka, shi ke aske masa gemu, shi ke bin sa da cokali.

"Uban naki ne, amma ni ke sanin ranar da cikinsa ya ɗaure," in ji shi wata Lahadi daga bakin rumfar. "Ke kuwa ko tari wannan ƙarfen ya canza sai kin ji."

"Yanzu zan fito."

"Haka kika ce tun kafin taliya ta dahu. Ga ta can ta sandare."

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ke ƙona mata rai. Amma ranar San Isidro ta kusa, kuma wannan rana ba a wasa da ita a Santa Elvira. A ranar ake fito da mutum-mutumin waliyyin manoma daga coci, a ɗora shi a tirela, tarakta ta ja shi, sauran taraktocin garin su biyo baya har filin bayan gari, inda Fada zai yayyafa wa ƙasa da injuna ruwan albarka. Gidan da ke jan waliyyi shi zai ci gaba da ja muddin bai yi fashi ba, kuma dole dattijon gidan ya kasance a kan taraktar. Shekarar da gida ya kasa fitowa, layi ya wuce ga gida na gaba, ba ya kuma dawowa. Gidan Ravera ke ja tun zamanin kakanta. Gidan Bonansea ke biye, da sabuwar taraktarsu mai gilashi da na'urar sanyi, suna jira shekara da shekaru kamar kyanwa a bakin kicin. Likita kuma ya riga ya gaya wa Ofelia kada ta sa rai tsohon zai iya hawa wani abu baɗi.

Ana saura mako guda manaja ya kira ta ofis. Sunansa Lisandro, saurayi ne mai tsafta, ba ya ɗaga murya, kullum cikin murmushi, kullum yana cewa su a nan dangi ɗaya ne. Ofelia ta fi son mai zagi da irin wannan.

"Madam Ofelia, na kawo miki abin alheri. Masu kamfani za su zo ranar Alhamis su ga wurin. Na ji labarin taraktarki. Ina so ki kawo ta bakin ƙofa tun da safe, mu ɗaura mata tutar kamfani, ki tsaya kusa da ita da farar rigarki, a yi hoto. Tarihi da ci gaba a wuri ɗaya."

"Alhamis ranar San Isidro ce, yallabai."

"Na sani. Shi ya sa abin zai yi armashi."

"Ita ke jan waliyyi. Kuma a ranar kamfani ba ya aiki da safe. Busa jiniyar kamfani ake yi idan waliyyi ya zo wucewa, kowa ya fito."

"Wannan da kenan," ya ce a hankali, yana gyara biro a kan tebur. "Bana ba hutu ga kowa. Ba ni na yanke ba, daga sama ne. Wanda bai zo ba ranar, to, shi ya zaɓa wa kansa. Kin fahimce ni ai."

Daga sama. Duk abin da aka ƙaƙaba musu daga sama yake zuwa, kuma ba wanda ya taɓa ganin fuskar saman nan. Ofelia ta ce ta fahimta, ta fita ta rufe masa ƙofa a hankali, don ta san in ta sake ta yadda zuciyarta ke so sai gilashin ya tarwatse.

Da yamma a kicin ta gaya wa Celso. Ya ajiye butar ruwan zafi ya dube ta.

"To sai me? Ki kai musu ƙarfen su yi hotonsu. Bonansea su ja waliyyi, ai ba zai ƙi bin su ba."

"Baba fa?"

"Baba bai san yau wace rana ba ce, tsohuwa. Ko kin ɗora shi ko ba ki ɗora shi ba, da azahar ya manta. Asibitinsa a kan aikin nan yake. Karatun 'yarmu a Rosario a kan aikin nan yake. Ni takalmi nawa zan ɗinke? Kina da shekara hamsin ba biyu, wa zai ɗauke ki?"

"Shi zai manta. Ni ba zan manta ba."

"Ashe dai don kanki ne."

"Eh, don kaina ne," ta ce. "Sun karɓe mana ƙoƙon mate na yi shiru. Sun karɓe hutun Asabar na yi shiru. Sun kori tsohon mai gadi da saƙon waya, ni na raka shi bakin titi, na yi shiru. Yanzu kuma ubana da taraktar kakana za su mayar kayan ado? Na gaji da shiru, Celso, wallahi na gaji."

Celso ya miƙe. Ya ɗebi miya ya tafi ciyar da tsohon, kuma daga ranar magana tsakaninsu ba ta wuce ina gishiri, ina makullin gida.

Ranar Alhamis gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Ofelia ta rataye farar rigar aiki a bayan ƙofa, ta saka tsohuwar rigar sanyin mahaifinta, ta tafi rumfa. Ta kunna fitila ta kafa a goshin Mai Tari, ta tsuguna tana jira. Tsoro take ji, ba ta ɓoye wa kanta ba. Wayarta ta yi ƙara a aljihu, ta sake yi, ba ta duba ba. Da ƙarfe ya yi ja ta zare sitiyari, ta cusa, ta murza. Mai Tari ta yi atishawa ta yi shiru. Ta sake murzawa har kafaɗarta ta amsa. A karo na gaba injin ya kama, baƙin hayaƙi ya yi sama, karnukan unguwa suka ɗauka gaba ɗaya.

Da ta juyo sai ga Celso a tsaye riƙe da hannun Don Anselmo. Ya sa wa tsohon kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya taje masa gashi, ya naɗa masa mayafi a wuya.

"Kada ki ɗauka na yarda," ya ce da ƙarfi don ta ji shi a kan ƙarar injin. "Ban yarda ba. Amma ke ba ki iya ɗaura masa ɗamara ba, faɗowa zai yi."

Su biyu suka ɗaga tsohon suka zaunar da shi a kujerar gefe. Celso ya hau baya ya tsaya a kan ƙarfen jan tirela, ya rungume shi ta baya da hannu ɗaya.

A ƙofar coci garin ya cika. Babban ɗan gidan Bonansea har ya matso da taraktarsa kusa da tirelar waliyyi, don labari ya riga ya zaga cewa kamfani ya hana Ofelia fita. Da ya ji tum, tum daga kan kwana sai ya sa giyar baya ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

"Na ɗauka yau kina wurin hoto," ya leƙo ta taga.

"Matsa da firjin nan naka, kada waliyyi ya yi mura," in ji Ofelia.

Aka ɗaura tirela, Fada ya shiga gaba da yara masu riƙe da kyandir, mata suka ɗauki waƙa, aka kama hanya. Hanyar kuwa ɗaya ce tun fil azal, ta gaban kamfanin madara take bi. Tun daga nesa Ofelia ta hango an buɗe ƙofar gaba ɗaya, an kafa rumfa da tutoci, ga baƙi maza da mata cikin riguna masu tsada suna rawar sanyi. Da suka ga tarakta da waliyyi da dogon layi a baya sai suka fara tafi suna ɗaga wayoyi. Sun ɗauka duk don su aka shirya. Ba a yi busa ba. Ma'aikata na leƙe ta tagogin sama, ba wanda aka bari ya fito.

Lisandro ya taho da sauri har tsakiyar titi, yana tafiya a gefen taraktar, murmushin na nan amma goshinsa ya jiƙe.

"Madam Ofelia, kin ga abin ma ya zo da kyau. Ki karya kwana ki shigo, zagaye ɗaya kawai a cikin fili, da waliyyin da kowa da kowa. Su yi hoto, ki fita ki ci gaba. Na manta da maganar safiyar yau, kamar ba a yi ba."

Ba ƙaramin tayi ba ne, kuma ta san haka. Ƙofar na nan a buɗe a hannun dama, murza sitiyari kaɗan ne. Duk layin zai biyo ta, don ba wanda ke wuce mai jan waliyyi. Ta waiwaya ta dubi Celso. Bai ce shiga ba, bai ce kada ki shiga ba, ya dai ƙara riƙe tsohon, fuskarsa a ɗaure.

"Waliyyi ba ya ratse, yallabai," ta ce. "Fili za shi. Baƙinka in suna son albarka su biyo baya, akwai wuri bayan Bonansea."

"Ki yi tunani. In kika wuce ƙofar nan, ranar Litinin kada ki wahalar da kanki zuwa aiki."

"To ka gaida na sama."

Ta riƙe sitiyari sak. Ƙofar ta zo daidai kafaɗarta, ta wuce. Tafin baƙin ya yi ta raguwa har ya mutu. Shekara ashirin da wani abu ta yi tana shiga ƙofar nan, kuma ba ta san abin da za su ci gaba da rayuwa da shi ba. Amma ba ta yi nadama ba, ko kaɗan. Daga wata tagar sama wani ya buga murfin garwar madara sau biyu, aka ja shi ciki.

Sun bar kwalta sun hau turɓayar da ke kaiwa fili, tirela na girgiza, sai ta ji an taɓa mata hannu. Don Anselmo ne. Ya karkata kai yana sauraron injin, idonsa a buɗe tar irin yadda ta daɗe ba ta gani ba.

"Yarinya, rage mata mai. Kina shaƙe ta."

Ta rage. Bugun ya daidaita.

"Yauwa." Ya dube ta sama da ƙasa. "Wa ya koya miki tuƙi?"

"Babana."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya mai da ido kan hanya.

"Ya yi ƙoƙari," ya ce. "Ki gaya masa na ce ya yi ƙoƙari."

"Zan gaya masa," in ji Ofelia. Ta goge ido da hannun riga, baƙin mai ya shafe mata kunci, ta ci gaba da jan waliyyi zuwa fili.