Ƙofar Ruwan Da Ta Ji Sinanci

Teng Guorong ya tsufa yana rubuta manhajar kwamfuta a garin Huzhou, amma ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Duk sunan da zai raɗa wa wani aiki ko wata ma'ajiyar lissafi a cikin manhaja, sai ya buɗe ƙamus ya aro kalmar Turanci. Haka aka koya masa, bai taɓa tambayar dalili ba.

Da ƙungiyar masu kiwon kifi ta ba kamfaninsu aikin sarrafa ƙofofin ruwan tafkunanta, sai aka haɗa shi da wata sabuwar ma'aikaciya, Qiao Manli. Ya leƙa allonta da gorar shayinsa a hannu, ya ga duk sunayen da haruffan Sinanci ta rubuta su. Dariya ta kusa sa shi ƙwarewa.

"'Yar nan, an gaya miki injin shinkafa yake ci? Ba ya jin yarenmu."

"Malam Teng, kai ka taɓa yi masa magana da shi?"

Ya ce ba shi da lokacin wasa. Ta ce ai gobe za a gwada, ya zo ya ga faɗuwarta da idonsa.

Washegari da hantsi suka tsaya bakin tafki, masu kifi sun kewaye su. Manli ta miƙa masa kwamfutar ta ce shi ne babba, shi zai danna. Kafin ya danna ya sa tabarau, da niyyar ya tsinto kuskure. Sai ya ji bakinsa yana karantawa kamar jarida: idan ruwa ya ragu, buɗe ƙofar gabas, idan kifi sun taso neman iska, tayar da fanka. Ba inda ya tsaya ya juya kalma a ransa.

Ya danna. Ƙofar ƙarfen ta yi ƙara, ta ɗaga a hankali, ruwa ya kwararo.

Haruffan da kakansa ke zanawa a jar takarda ranar sabuwar shekara, su ne yau suka ɗaga ƙarfe. Masu kifi suna tafi, shi kuwa ya kasa ɗauke ido daga allon.

A mota Manli ta tsokane shi ko ya samo kuskuren. Da suka kusa ofis, sai shi ma ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko injin zai karɓi sunan da mutanen ƙauyensu ke kiran yayyafin bazara.

Ta ce ya gwada mana.