Sai da Hoton Namijin

Mutum ɗari uku da 'yan kai ne a zauren hira na waya na masu kiwon tantabara, kuma duk rigimarsu a wayar Auta take sauka. Ita ko gashin tantabara ba ta da shi. Babanta ne mai kiwon. Ta buɗe masa zauren ne don ya daina kiranta a wajen aiki yana tambaya ko tsatsar kwanon ruwa tana sa tsuntsu zawo. Da ta buɗe, sunanta ya maƙale a sama a matsayin admin, shi ke nan ta ɗauko wa kanta aiki.

Mutane ne masu mutunci a gidajensu, wasu har da jikoki. Amma a sa hoton tsuntsu ɗaya a tambayi irinsa, sai ka ga dattijo ya tuɓe wa dattijo riga. Dole ta nemi mataimaki, wani tsohon malamin makaranta da ake kira Jan Biro, ya tsara dokoki tara. Ta farko: banda duk maganar da ba ta tantabara ba. Ta bakwai: wanda ya kawo ƙorafin tsuntsu marar lafiya ya turo hotonsa cikin kwana ɗaya, don an gaji da masu ƙirƙiro cuta saboda a kula su. Gargaɗi uku, waje. Jan Biro bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Surukinsa ma ya kora, ya kuma halarci sunan jikansa washegari ba tare da ya ji komai ba.

Baba gargaɗi biyu ne a kansa. Na farko, wata uku bayan rasuwar Mama, ya sa hotonta tana watsa wa tsuntsaye hatsi a saman bene. Ya kare kansa da cewa tantabaru huɗu ne a hoton. Jan Biro ya ce an gani, amma mutum ya fi tsuntsu cin wuri. Auta ce ta goge hoton da ɗan yatsanta, ta kuma ji haushin kanta har yamma. Na biyu saƙon murya ne na minti goma sha ɗaya a kan ruwan sama da wadda ta saba kwashe shanya, ba a ambaci tantabara ba sai a minti na tara. Tun daga nan ya daina ce mata Auta. Ko a gida Admin yake kiranta.

Ita kuwa tsoro take ji, tsoro sosai. Tun da ya ajiye tuƙin bas, abokan hirarsa su ne Mama da zauren nan. Yanzu saura zauren.

Ranar Alhamis tana shagon tabarau inda take aiki, tana goge gilashi a bayan kantar shagon, wayar ta yi motsi a aljihun rigar aikinta. Baba ne. Ta buɗe a ƙarƙashin kantar don kada mai shagon ya gani.

"Salamu alaikum jama'a. Ina da wani tsohon namiji, macensa ta mutu wata takwas ke nan. Ya rage ci. Ba ya fita sai dai ya hau sama ya zauna. Ba ya kuka, ba ya komai. Ko akwai mai shawara?"

Ta sauke ajiyar zuciya. Tantabara daga farko har ƙarshe. Ta danna masa alamar babban yatsa, ta koma kan gilashinta.

Kafin azahar shawara ta kai arba'in. Wani ya ce maganin tsutsa. Wani ya ce mai cewa maganin tsutsa bai taɓa riƙe tsuntsu a hannu ba. Mai Walda ya ce a haɗa masa sabon aure, domin a wajensu mace da namiji idan sun haɗu aure ake ce musu, ya ce yana da wata fara mai natsuwa. Baba ya amsa, "Ba zai karɓa ba." Direban Tanka, wanda bai taɓa rubuta fiye da kalma biyar ba, ya ce, "Tsoho ne. A yanka kawai."

Baba ya ce, "Na gode, za a duba."

Sai Jan Biro ya shigo. "Doka ta bakwai. Muna jiran hoto zuwa gobe ƙarfe goma sha biyu." Ya kuma turo wa Auta saƙo ita kaɗai: "Na san mahaifinki ne. Shi ya sa nake tuna miki da wuri."

Baba bai iya ɗaukar hoto ba, kowa ya sani. Duk hoton da ya ɗauka rabinsa yatsa ne, rabinsa sama. Don haka da safe ta nemi izinin awa biyu ta hau mota zuwa gidan.

Ta shiga da makullinta. A kicin ta tarar da kulolin abinci uku da ta aiko a satin, jere a kan tebur kamar an kawo su sayarwa. Ta buɗe ɗaya, an ɗan taɓa gefe. Sauran biyun ba ta buɗe ba, hancinta ya riga ya ba ta labari. Ta hau bene.

Yana zaune a kujerar roba kusa da ɗakin tantabarun, ga wata kujerar a gefensa babu kowa a kai. Rigarsa ta yi masa yawa a wuya.

"Admin, ke ce tafe?"

"Ni ce, Baba. Ina kwana? Hoto na zo ɗauka kafin sha biyu. Wanne ne?"

"Yana nan."

Ta leƙa ta cikin ragar ɗakin. Ramuka goma sha ɗaya, kowanne da aurensa. Wasu na kwanci, wasu na ɗura wa 'ya'ya, wani ƙato yana ta zagaya macensa yana kumbura wuya kamar shi ya gina gidan. Ta sake bi ɗaya bayan ɗaya. Ko wanda ya yi kama da mai zaman kaɗaici babu, duk sun yi ɓul-ɓul.

"Baba, ba na ganinsa."

"To ai ba ki duba inda yake ba."

Ta juyo. Yana kallon tankin ruwan maƙwabta. Sai a lokacin ta gane shi ne namijin, kunya ta rufe ta, ta tuna har babban yatsa ta danna masa. Ta duba agogon waya don ta samu abin kallo: saura minti ashirin da biyar.

Ta ce, "Bari in kamo ɗaya in sa shi a keji shi kaɗai. Minti ɗaya ne, in ɗauka in mayar. Ba wanda zai gane."

Har ta sa hannu a sakata.

"Kar ki raba su," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "Ko na minti ɗaya."

Ta saki sakatar.

"To Jan Biro zai cire ka, Baba. Ni ce kuma zan danna."

"Doka ce. Ke kika sa hannu."

Ta tsaya da wayar a hannu. Tsuntsaye na ta gurnaninsu. Can ta ɗaga wayar ta saita shi, a hankali, yadda in ya ƙi zai samu damar cewa a'a. Ya dube ta, ya dubi wayar.

"Dakata," ya ce. Ya ɓalle maɓallin wuya da ya shiga ramin da ba nasa ba, ya gyara, ya miƙe zaune. "To."

Ta ɗauka. Ta tura zaure ta rubuta a ƙasa, "Ga namijin."

Mutum tamanin suka gani cikin minti biyar, babu wanda ya ce uffan. Zauren da ko gaisuwa sai an yi musu a kanta. Abu na farko da ya motsa shi ne saƙon Direban Tanka na jiya, ya ɓace, aka bar "an goge wannan saƙo". Sai aka ga Jan Biro yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Auta ta san mutum ya cinye hoton nan gaba ɗaya, tsuntsu ko ɗaya bai fito ba.

"An karɓi hoto a kan lokaci," ya rubuta. "A ci gaba da shawara."

Ta karanta wa Baba. Ya gyaɗa kai, kamar dama haka ya kamata.

Mai Walda ne ya biyo baya. "Irin wannan ba a gane shi a hoto. Gobe Asabar ba na buɗe shago. In an yarda in zo in duba shi da idona."

"Me zan ce masa?" ta tambaya.

Ƙafafunta sun gaji, ta jawo kujerar da ke gefen Baba za ta zauna, sai ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Ki ce ya zo," ya ce. "Amma ya taho da kujerarsa. Wannan da mai ita."