Jinin Tsawa a Ofishin Bunsuru

Shekaranjiya da na kishingiɗa bayan azahar na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba.

Ni ne Ilu, mai kula da dawakin sukuwa na Alhaji Nomau. Sati uku ke nan babban dokinmu, Tsawa, yana wani busasshen tari, ga sukuwa ranar Asabar. Likita ta ɗebi jininsa don a duba alamar kumburi, sakamako bai fito ba. Alhaji kuwa ya ce muddin babu takardar likita da ta hana, doki zai yi gudu.

A mafarkin sai ga ni a ɗakin gwaji, kwalbar jinin a hannuna. Kwalbar tana numfashi da ƙyar, kamar tsohon zugazugi. Wani bunsuru ne a kan kujera, da farar riga da tabarau.

"Jinin wa?" in ji shi.

"Na doki, ranka ya daɗe."

"Ya ci abinci gobe?"

"Ya ci."

Ya karɓi kwalbar, ya kara a kunnensa, ya daɗe yana saurare. Sannan ya daina tauna.

"Akwai gobara a huhunsa. Ɗaki biyu sun kama. Idan ya yi gudu, iska za ta hura na uku."

Ya rubuta, ya buga hatimi da kofato, ya miƙo mini. Na fita a guje. A waje ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tasowa, yana komawa sama. Na ɗora takardar a ka don kada ta jiƙe. Da na sauke ta, sai na ga haruffan sun zama tururuwa, suna gangarowa ta hannuna ɗaya bayan ɗaya. Ina kamawa, suna cizona.

Sai ga ni a filin sukuwa. Dawaki ne zaune a rumfa suna cin gyaɗa, mutane kuma ɗaure a turaku. Tsawa kaɗai aka ɗaura wa sirdi. Haƙarƙarinsa na shiga yana fita, wani siririn hayaƙi na fitowa ta hancinsa.

Alhaji Nomau yana zaune a kan kujerar da ba ta taɓa ƙasa. Na miƙa masa takardar. Ya juya gaba, ya juya baya.

"Fara tas," ya ce. "Ka gani? Lafiya lau."

"Alhaji, rubutun ne ya gudu."

"To idan rubutu zai iya gudu, me zai hana doki?"

Wata akuya ta sa usur ɗin fara sukuwa a baki. Na buɗe baki zan yi magana, sai ƙurar harawa ta fito. Na sake buɗewa, tarin Tsawa ne ya fito daga ƙirjina. Ƙafafuna suka nutse a yashi har gwiwa.

Tsawa ya waiwayo ya dube ni.

"Ilu, shekara shida kana kwantar da kunnenka a ƙirjina kowace safiya. Bunsuru kake jira ya gaya maka?"

Akuya ta cika kumatu da iska. Na ja jiki, na bar takalmana da rabin wandona a cikin yashi, na cafke linzamin da hannu biyu. Ƙarfen ya yi zafi kamar an ciro shi daga maƙera. Ban saki ba.

"Alhaji, ba zai yi gudu ba."

 Dawakin rumfa suka daina ɓare gyaɗa. Alhaji ya sauko daga kujerarsa a hankali.

"Ka san aikinka kake riƙe da shi a hannun nan?"

"Na sani."

Ya nufo ni. Duk takun da ya yi ƙasa sai ta amsa: dum, dum, dum.

Na farka. Matata Tasalla ce take daka gero a tsakar gida. Hannayena biyu a dunƙule, gumi ya jiƙa filo. Na tashi na ɗauki hulata.

"Malam, ina zuwa da ranar nan?" in ji ta.

"Gidan Alhaji."