Ciwon Talata da Juma'a

Ciwo dai ba ya duba kalanda. Wannan ne ya tsaya wa Nalubega a rai tun da ta lura ƙugun mahaifiyarta ba ya tashi sai yammacin Talata da na Juma'a.

Sati biyar ke nan da aka yi wa tsohuwar aiki a Kampala, aka cire kan ƙashin ƙugun da ya cinye, aka dasa na ƙarfe. Da farko komai lafiya lau, har Mama Nansubuga ta fara zagaya gonar ayaba da sanduna biyu tana yi wa kaji faɗa. Likita kuwa ya ja musu kunne ranar sallama: ban da zaman ƙasa, ban da tsuguno, ban da harɗe ƙafa, har wata uku. In ƙarfen ya goce daga gurbinsa sai an sake yanka, kuma a shekarunta bai yi alkawarin za ta sake takawa ba. Saboda haka Nalubega ta sa kafinta ya yi wata doguwar kujera aka girke a ɗaki.

To ga shi yanzu, ranakun nan biyu sai ta tarar da uwar a kwance tana cije leɓe, zafi na soka mata matsematsi har gwiwa. Ranakun kuwa su ne waɗanda Nalubega ke zuwa Masaka ta buɗe shagon ɗinkinta, ta bar gidan a hannun Gwaggo Namatovu, ƙanwar babanta.

Kai, Gwaggo Namatovu! Shekara arba'in ba sa ga maciji da matar yayanta, tun daga wata miyar gyaɗa da ta kushe ranar biki. Rana ɗaya kawai ta ce ita za ta yi jinya. Ruwa ai ba ya tsami banza. Ga ta da jaka kullum a hammata, kowa kuma ya san ta da harkar saiwa da sassaƙe. Nalubega ta duba cinyar uwar ko an yi tsaga, ba ta gani ba. Ta shinshina kofi, ta ƙirga ƙwayoyi, duk daidai. Ta tambayi uwar, ta ce sanyin damina ne. Da ta tambayi gwaggon, sai ta kau da kai ta ce a tambayi mai ƙafa. Baba Lubega kam ba a zancen tambayarsa, shekara shida ke nan da idonsa ya rufe, daga shi sai rediyonsa.

Ta buga wa likita waya. Ya tambaya ko akwai zazzaɓi, ko kumburi ko ruwa a wurin ɗinkin, ta ce babu. Ya ce ta kawo ta hoto ranar Litinin, amma shi a ganinsa akwai abin da ake yi wa ƙugun nan wanda ya hana. Tsoro ya kama ta, haushi kuma ya fi tsoron yawa.

Ranar Juma'a ta hau acaɓa a gaban kowa kamar za ta Masaka, ta sauka a mararrabar coci, ta ratso gonar kofi ta maƙwabta, ta laɓe bayan taga. Ta daɗe a tsaye cinnaku na cizonta. Da rana ta take, gwaggon ta shigo da kwandon matoke, dafaffiyar ayabar tana tururi cikin ganyenta, ta ajiye a tabarma gaban kujerar Baba. Nalubega ta ƙura wa jakar ido. Jakar tana rataye, ba wanda ya taɓa ta.

Sai ta ji gwaggon tana raɗa. "Ke, matar yaya, don Allah yau dai ki bari in zuba masa."

"Ina da rai? Matsa can," in ji uwar.

Mama Nansubuga ta jingine sandunan a bango. Ta dafa kafaɗar gwaggon, ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ta zauna kan dugaduganta ta karkatar da ƙafafu gefe yadda ake koya wa kowace 'yar gidan mutunci. Gumi ya karyo mata. Ta warware ganye, ta yanko matoke, ta miƙa da hannu biyu, ta gaida mijinta da murya kamar ba abin da ke damunta.

Nalubega ba ta san lokacin da ta faɗo ɗakin ba. Ta zazzage komai, maganar likita, maganar sake yanka, har da zargin da ta yi sati uku tana yi wa gwaggonta, wanda kunyarsa ta kama ta tun kafin ta rufe baki. Gwaggon ta ce ba komai, da ma ta ga ana shinshina mata kofi. Rantsuwa aka sa ta yi, shi ya sa ta yi gum.

Uwar ba ta ɗago ba. "Ba ya ganina, Nalubega. Muryata kawai ta rage masa, kuma shekara arba'in daga ƙasa yake jin ta. In ya ji ta daga sama, zai ce don ya makance na raina shi."

Baba Lubega ya kashe rediyon. Ashe ce masa aka yi ƙafar ta warke sarai. Ya ce a ɗaga ta a hankali a ɗora ta kan doguwar kujerar. Suka kama ta su biyu, tana nishi, suka ɗora. Shi kuma ya lalubi hannun kujerarsa, ya zame, ya zauna daɓas a tabarma, ya laluba har ya dafa ƙafarta mai lafiya.

"To, Nansubuga, miƙo min abincina," ya ce. "Ni ma in ji yadda muryarki take daga sama."