Hocen Inna Tambaya

Tun ranar da muka baro ƙauyenmu na bayan Mada, kakata Inna Tambaya ba ta kwance ƙullin kayanta ba. Yana nan a kusurwar ɗakin da muka kama haya a Tudun Wadar Gusau, ɗaure da tsohon zani, da tukunyar ƙasa kife a kansa. In an ce ta kwance sai ta ce baƙo ba ya baje kaya. Ɓarayin daji ne suka tashe mu, gari ya watse a yini guda, wasu suka yi Tsafe, wasu Bungudu, wasu har yau ba a san inda suka nufa ba.

Da azumi ya matso sai ta ce bayan Sallah za ta koma.

"Ko ni kaɗai, can za ni," in ji ta. "In Uwani na da rai, gida za ta nemo ni. Ina za ta gane ni cikin wanga gari?"

Uwani maƙwabciyarta ce kuma aminiyarta, tun suna amare. Na san halin kakata, in ta faɗi magana ta zauna. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don hanyar ƙauyen nan ko maza masu jini a jika sun daina bin ta.

Ni kuwa, Wasila, na gama karatu, takarda na kwance a jaka tana hutawa. Babu sana'ar da ban taɓa a waya ba. Na sayar da turaren wuta, na sayar da hijabai, na yi kek ɗin da ni kaɗai na cinye abina. Duk wata tsarata da ka taɓa a Gusau 'yar kasuwa ce, kowa na talla, ba mai saye. Ana haka sai wata ƙawata da ke aure a Abuja ta rubuto mini cewa ta yi mafarkin hoce, ta farka tana hawaye. Na yi mata dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Mu ɗin nan da muka raina hoce da muka shiga sakandare, muka ce abincin ƙauye ne, sai biredi da taliya, yanzu mun girma mun watsu, ga mu muna mafarkinsa.

Ga wanda bai sani ba, hoce garin dawa ne ake kwaɓawa da 'yar kanwa, a tafa shi a tafin hannu, a gasa a tukunyar ƙasa. In ya huce a marmasa shi da ƙuli-ƙuli da mai da albasa da yaji. A ƙauyenmu Inna da Uwani ne gwanayensa. Katangar da ke tsakanin gidajensu ba ta wuce ƙugu ba, tukunya ɗaya suke gashi, wuta ɗaya. Don kada nasu ya haɗe, Inna takan dangwala babban yatsa a tsakiyar nata, Uwani ta sa yatsu biyu. Ina ƙarama nakan zauna a gindin katangar nan, hayaƙin kara na sa ni hawaye, su kuma suna ta musu a kan wadda kanwarta ta yi yawa. Ina kewar wannan hayaƙi fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai na ga zan jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga sana'a, ga abin da zai riƙe mini tsohuwa. Na san roƙo ba ya cin ta, don haka na bi ta inda take da ƙaiƙayi.

"Inna, an ce hannunki ya mutu. Wai ko hoce ba ki iya tafawa yanzu."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen uwaki! Tai ki auno dawa, 'yar nema."

Tukunyar kawai ta ɗauke daga kan ƙullin, ƙullin kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba. Na ɗauki hoto na sa a waya, kafin la'asar saƙonni sun fara shigowa. Na sayo leda mai kyau, na shirya da wani direba a tasha zai riƙa kai wa na Tsafe da Bungudu. Har na fara jin kaina wata Hajiya.

Nan fa rigima ta tashi. Na zo zan ƙulle leda ta farko sai Inna ta dafe ta.

"Na wa na?"

"Na mai saye."

"Ɗan wa na?"

"Inna, a waya ya yi magana, ina zan sani?"

"To ba shi fita. Ni ban taɓa ba mutum abinci ban san gidansu ba. In tsoho na, in ba shi mai taushi. In mai jego ta, in rage kanwa. Ke kina ba mutane abinci awa mai watsa ma kaji tsaba?"

Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa kasuwar zamani ba ta tambayar asali. Ko a jikinta. Da na ga rana na yi, sai na fara ƙirƙiro wa mutane iyaye. Wannan ɗan limamin Wonaka ne, waccan jikar mai unguwa ce. Abin ya tafi daidai har ranar da na ce wani ɗan Sarkin Askan Wanke ne. Ta ɗago ta dube ni.

"Sarkin Aska ɗiya mata gare shi, ba namiji ko guda. Maƙaryaciya!"

Ranar ba a gasa komai ba. Dole na sauke girman kai na fara tambayar masu saye da gaske: don Allah ɗan wane gida ne, kakata ce ke tambaya. Na ɗauka za su gudu. Ashe abin da suke jira ke nan. Wani ma'aikacin banki ya turo murya mai tsawo yana ba da labarin kakarsa. Wata malamar asibiti a Tsafe ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya sake tambayarta 'yar wa ce. Inna ta saurara, ta ce ta san wannan, ta san kakan wancan, ta ƙara musu gyara. Ciniki ya buɗe fiye da zatona.

Amma ƙulli na nan a ɗaure. Azumi ya raba tsakiya, ta sa aka tambayo mata motar Mada. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo na ci gaba da ƙulla leda.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, wani saurayi mai gyaran waya a Bungudu, Yazid, ya saya. Da na tambayi gidansu, sunan mahaifinsa kawai ya turo, Inna ba ta gane shi ba. Washegari da hantsi ya sake magana. Ya ce ya kai wa kakarsa don buɗa-baki, ta juya hocen ta ga gurbin yatsa, ta ƙi ci, ta riƙe shi tana kallo. Sai ga saƙon murya ya biyo baya. Na miƙa wa Inna wayar tana tsakar tafa ƙullu.

Muryar tsohuwa ce.

"Tambaya? Ke ta? In ke ta, to har yau ba ki iya sa kanwa ba."

Ƙullun ya faɗi daga hannun Inna. Ta karɓi wayar da hannu duk gari, ta kanga a kunne a juye, hawaye na bin kumatunta.

"Uwani," ta ce. "Uwani, don ubanki, Bungudu kika maƙale ina nan ina shirin bin ki daji?"

Na nuna mata inda ake dannawa, ta sake faɗa, wannan karon har da dariya. Yazid ya ce zai sako kakarsa a mota washegarin Sallah.

Da safiyar ranar na shigo da ruwa na tarar da Inna durƙushe a kusurwa, tana fama da ƙullin nan da haƙori, don ɗaurin ya riga ya cije. Na sa hannu muka kwance tare. Ta fito da tabarma ta ce in shimfiɗa wa baƙuwa, ta fito da tasoshinta ta jera a gindin bango. Can ƙasa kuma sai ga wani tsohon faifai, bakinsa duk ya zare. Ta kaɗe shi, ta goge da gefen zaninta.

"Nata na," ta ce. "Aro na yi da safe, ran da munka gudu."

Ta ɗora shi a cinya, ta zauna tana fuskantar ƙofa.