Tanfula da Turmin Gwaggo

Zayyanu ya cusa hannu cikin buhun, ya ɗebo masara, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Ta fashe da ƙara. Busasshiya ce, fara, irin wadda yake nema tun ƙarfe takwas a kasuwar Aziziya.

Mai shagon, wani Basudane, ya tambaye shi tantabaru nawa yake kiwo, don a layin nan duk mai sayen wannan masarar tsuntsaye yake kai wa. Zayyanu ya ce ba tantabara ba ce, wata tsohuwa ce a gadon asibiti. Basudanen ya dube shi sama da ƙasa, ya auna masa kilo uku.

Zayyanu direba ne a wani asibiti mai zaman kansa a Riyadh. Da safe ya kwaso ma'aikatan jinya daga masaukinsu a ƙaramar bas, da magariba ya mayar da su. Yau da safe, bayan kowa ya sauka, sai ga Sista Loretta ta fito daga cikin asibitin ta tsaya a bakin tagarsa, idanunta jajur. Shekara guda yana ɗaukar ta, kuma duk zatonsa 'yar Filifin ce. Cikin Turancin da ya tsinta a hanya da ɗan Larabcinta suka fahimci juna.

Mahaifiyarta, Imogene, ta zo mata ziyara daga Amurka, ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. An yi aiki lafiya, amma kwana biyar ke nan ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Likita ya ce ba jirgin da zai ɗauke ta zuwa gida sai ta yi ƙarfi, kuma in ƙarfe shida na yamma ta yi ba ta ci ba, za a zura mata robar abinci ta hanci. Tsohuwar kuwa ta rantse za ta fizge. Abu ɗaya kawai ta ambata, shi ne tanfula, abincin mutanensu.

"Su wa ne mutanenku?" in ji Zayyanu.

"Cahta. Turawa suna rubuta Choctaw. Muna can tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Amurka."

Zayyanu ya kashe motar gaba ɗaya. Ya tambaye ta ko su ne masu gashin tsuntsu a ka, da ake nunawa a fim suna sukuwa. Loretta ta ɗan yi dariya, ta ce kawunta bas ɗin 'yan makaranta yake tuƙawa, bai taɓa hawa doki ba. Manoman masara ne su tun asali, a wata ƙasa mai koguna da ake kira Mississippi. Kusan shekara ɗari biyu da suka wuce gwamnati ta tashe su, ta kora su yamma zuwa Oklahoma, da yawansu a ƙasa, cikin sanyi, dubbai suka mutu a hanya. Ya so ya tambayi nisan tafiyar, da ko sun bar kaburburansu, da abin da suka ɗauka, amma ta duba agogo. Ta faɗa masa yadda ake yin abincin: a jiƙa farar masara, a daka a turmi har dusa ta fita, a sheƙe, a dafa ta awa uku ko huɗu da ruwan tokar itace. Ba gishiri, ba mai, ba komai.

"Ai wannan surfe ne," in ji Zayyanu da Hausa. Sannan ya ce mata ya san mai turmi.

Masara ta samu, saura toka. Loretta ta gargaɗe shi kada ya kawo tokar gawayin shisha, don akwai magani a ciki. Ya tsaya a bayan wani gidan abinci na Yamalawa inda suke gasa naman mandi a rami da itace. Mai kula da wutar ya saurare shi, ya sa hannu a ƙugu.

"Toka? Me za ka yi da toka, abokina? Ba na son abin da zai haɗa ni da masu sihiri."

Zayyanu ya san wannan kalmar ba abin wasa ba ce a garin nan. Ya buɗe ledar masara, ya yi bayani da baki da hannu, har ya ciro iƙamarsa, katin izinin zama a ƙasar, ya nuna sunan asibitin. Da ya ce mai jinyar 'yar asalin mutanen Amurka ce na farko, sai Bayamalen ya manta da sihiri, ya fara tambaya ko suna da sauran mutane a duniya. Zayyanu, wanda bai fi awa biyu da sanin sunansu ba, ya ba shi labarin tafiyar sanyi kamar da shi aka yi. Mutumin ya cika masa gwangwanin madara da farar toka, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Gwaggo Jamilatu ƙanwar mahaifinsa ce. Shekararta ashirin da biyu tana girki a gidajen ma'aikatan ofishin jakadancin Najeriya, yanzu kuma tana wani gida a unguwar Nasiriya. A bayan kicin, ƙarƙashin rumfar kwano, tana da turmi da taɓarya da wata alhajiya ta taho mata da su daga Gusau. Ba ta yarda kowa ya taɓa su ba.

Ta ji bayanin tana tsinke alayyahu.

"To, wace irin ƙabila ce wannan da ta san surfe a Amurka?"

"Cahta, Gwaggo."

"Musulmi ne?"

"Ban tambaya ba. Na ga dai 'yar da sarƙar kuros."

"Ciwo bai san wannan ba. Miƙo ledar."

Ta yayyafa wa masarar ruwan ɗumi, ta bar ta ta ɗan yi laushi, ta zuba a turmi. Zayyanu ya ce zai taya ta, ta ce ya je ya taya motarsa. Ta ɗaure ƙugu da mayafi ta fara. Taɓarya na sauka, tana ɗagowa, jefi-jefi ta sake ta a sama ta tafa hannu ta cafe, kamar yarinya. Zayyanu ya ɗauki abin a waya don ya nuna wa Loretta cewa da gaske turmi ne, ba inji ba.

Tana sheƙe dusa a faifai, shi kuma yana zaune kan bokiti yana tono a waya. Yana karantawa da ƙyar, yana fassara mata. Wai a wurin Cahta ɗa dangin uwarsa yake bi, ba na uba ba. Gwaggo ta ce ashe suna da hankali. Wai suna da wani wasan ƙwallo da sanduna bibbiyu, wanda a da garuruwa kan sasanta rigima da shi maimakon yaƙi. Wai shekaru kaɗan bayan an kore su daga ƙasarsu, suka ji ana yunwa a wata ƙasar Turawa, Ireland, suka yi karo-karo suka aika. A nan Gwaggo ta dakata da sheƙewa.

"Turawa suka kore su, kuma suka aika wa Turawa?"

"Wasu Turawan ne daban, Gwaggo."

Ta ci gaba da aikinta.

Ta tace tokar a tsumma mai tsabta, ruwan ya fito garau. Da tukunya ta tafasa ta zuba cokali ɗaya, masarar ta fara sauya launi. Zayyanu ya tuna mata Loretta ta ce a yi ta zubawa kaɗan-kaɗan har sai ta yi rawaya sosai. Gwaggo ta ce ta ji. Ta tambaya ko a sa ɗan manja, ya ce a'a. Daddawa fa, ko ƙwaya ɗaya? A'a. Gishiri? A'a.

"Wannan ba abinci ba ne, horo ne," in ji ta.

Ya tafi masallaci sallar azahar, ya dawo, ya fita ya sha mai, ya sake dawowa. Bayan la'asar ta juye a kula ta miƙa masa. Ya buɗe ya ga abin fari sol, ƙwayoyin sun fashe kamar auduga.

"Gwaggo, ina rawayar?"

"Ni Jamilatu ba zan aika wa baƙuwa abinci mai launin shawara ba. A ce ban iya wanke masara ba? Cokali ɗaya ya isa. Ɗauki ka tafi."

Ƙarfe huɗu da rabi ta wuce, ba lokacin sake wata tukunya. Ya ɗauka.

Loretta ta shigar da shi ta ƙofar ma'aikata. A ɗakin, wata ƙaramar tsohuwa ce kwance, gashinta fari an kitse shi jela biyu, fuskarta na kallon bango. A kan teburin gefe an riga an ajiye tire, robar tana naɗe cikin ledarta. Loretta ta zuba tanfula a kofi, ta yi wa uwar magana a hankali cikin wani harshe da Zayyanu bai taɓa ji ba, mai yawan tsayawa a maƙogwaro. Tsohuwar ta juyo, ta leƙa kofin, ta shinshina. Ta faɗi 'yan kalmomi, ta mayar da fuska bango.

"Ta ce ya yi fari," in ji Loretta. "Wai na gwangwani ne, a kanti na saya, muna yi mata wayo."

Zayyanu ya ji haushin Gwaggo, ya kuma ji haushin a ce wahalarta ta kanti ce. Ya ciro waya, ya zagaya ta wajen bango, ya durƙusa.

"Mama, duba. Ba kanti ba ne."

Ƙarar turmi ta cika ɗakin. Dum, dum, tafi, dum. Tsohuwar ba ta kalli wayar ba da farko. Ta lumshe ido, yatsunta suna motsi a kan bargo daidai da saukar taɓarya. Da hoton ya ƙare ta ce a sake. A karo na biyu ta buɗe ido, ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da hanci. Ta yi magana mai ɗan tsawo, wannan karon da Turanci. Rabon da ta ji wannan ƙarar, in ji ta, tun tana 'yar shekara tara a tsakar gidan kakarta. Amma wannan taɓaryar ba ta da kai. Tasu tana da ƙaton kai mai nauyi a sama, da siririn gefen ake daka, nauyin ne yake yin aikin. Wannan matar wahalar da kafaɗarta kawai take yi.

Zayyanu ya ce ai matar tana nan da ranta, za a iya faɗa mata. Ya kira Gwaggo ta bidiyo. Fuskarta ta fito, tana goge hannu da zane.

"Ta ci?"

"Ba ta ci ba tukuna. Ta ce taɓaryarki ba ta da kai, kuma tokarki ta yi kaɗan."

"Ce mata shekara hamsin ina daka da irin wannan taɓaryar, kafaɗata ƙalau. Ita da take da mai kai, wa ke kwance?"

Zayyanu ya rage wa maganar kaifi kafin ya juya ta, amma tsohuwar ta riga ta ga fuskar Gwaggo, ta gane. Ta ce a ɗaga mata gadon. Ta ce a tambayi matar awa nawa ta dafa. Uku da rabi, in ji Gwaggo. Tsohuwar ta ce ƙarya ne, ba ta kai ba. Gwaggo ta ce ta ɗanɗana mana kafin ta ƙaryata mutane.

Imogene ta miƙa hannu. Loretta ta sa mata cokali a ciki. Tsohuwar ta ɗiba, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Ta yarda cewa ta dahu. Ta sake ɗiba don ta tabbatar da maganar toka, ta ce lallai ta yi kaɗan, ba a jin ta a bayan harshe. Gwaggo ta tambaya wane itace suke ƙonawa a can. Tsohuwar ta faɗi suna, ba wanda ya iya fassarawa, suka koma kwatance da hannu. Ta tambayi sunan faifan da ta gani jingine a bayan Gwaggo, ta ce nasu da gorar bakin kogi ake saƙawa. Tana magana tana ɗiba. Zayyanu yana tsakiya, yana juya Hausa zuwa Turanci, Turanci zuwa Hausa, yana cusa nasa tambayoyin a ciki ba tare da kowa ya lura ba.

Shida saura kwata likita ya leƙo. Ya dubi kofin da ya kusa ƙarewa, ya dubi Loretta. Ya yi rubutu a takarda, ya ce wa nas ɗin da ke bayansa ta ɗauke tiren, a gani zuwa gobe.

Tsohuwar ta ture kofin, ta ce ba tanfula ba ce, amma 'yar uwarta ce. Gobe a sake, cokali huɗu na ruwan toka, kuma a kira ta tun daga ɗora tukunya don ta ga launin da idonta.

"Ce mata uku," in ji Gwaggo, ta kashe wayar.

Zayyanu ya sauko da kula a hannu, ma'aikatan jinya sun fara taruwa a jikin bas. Ya buɗe bayan motar ya girgiza gwangwanin madara. Gwaggo ta tace kusan duka, ta zubar da ragowar ruwan; tokar da ta rage ba za ta ba da ruwan cokali huɗu ba. Gobe da safe sai ya koma wurin Bayamalen, kuma ya san mutumin zai nemi ƙarin labari.